Barka da Sallah daga Mancesta

Laraba, 10 ga Zulhijja 1444 (28 ga Yuni 2023)

Yaya,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ka karanta wa Baffa da Inna wannan a tsakar gida. Inda na taɓo ka kana iya tsallakewa, ko da yake na san Auta zai fizge wayar ya ƙarasa musu.

Ƙarfe tara na dare ne a nan, ku ma tara ne, don a watannin nan agogonmu ɗaya. Sai dai ku kun daɗe da yin isha'i, ni kuwa ga rana can ta kafe ta ƙi faɗuwa, sai wajen tara da minti 40 za mu yi magariba. Mun yi Idi da safe a wani fili mai ciyawa, 'yan Pakistan, Somaliyawa, 'yan Sudan, Yarbawa, da mu 'yan tsiraru. Ana sallamewa kowa ya rungumi na kusa da shi, ya duba agogo, ya nufi tashar bas, don yau ranar aiki ce. Na sa shaddar nan da aka ɗinka min a Gumel, har wata tsohuwar Baturiya ta tambaye ni a bas ko aure zan yi. Na ce mata an riga an yi.

Ban karya ba kafin Idi, yadda Baffa ya saba mana. Sai da na dawo ɗaki na tuna babu hantar da zan karya da ita. A nan Ingila doka ba ta yarda ka kayar da ragon layya a gida ba. Kuɗi za ka kai wa mahauci ya rubuta sunanka, a yanka a mayanka, naman ya iso bayan kwana biyu ko uku a leda, inji ya daddatsa shi, da sanyinsa kamar ƙanƙara. Ba kai, ba ƙafa, ba fata, ba tumbi. Ragon da na yi layya da shi ban san ko fari ne ko baƙi ba. Shayi da burodi na ci, ina kallon bango.

Wallahi Yaya ba naman ne ya dame ni ba, nama a nan ko kullum kake so za ka ci. Hantar farko nake nufi, wadda Inna ke ɗorawa a garwashi tun ba a gama fiɗa ba, ta barbaɗa gishiri da yajin ƙuli, ta zuba a murfin kwanon sha ta kai wa Baffa. Shi kuma ya yanka da 'yar wuƙarsa mai ƙotar fata, ya ci yanka ɗaya, sauran ya bi mu da shi daga babba zuwa ƙarami, tana ƙona mana yatsu, waje ya gasu ciki da sauran ja. Ga ƙaurin babbaka ya tashi daga kowane gida har ya kama tufafi, gobe a wuni ana suya, a tsiyaye kakide a gwangwani, jibi a ci ragadada. Ɗazu na sayo hantar kanti na soya a kasko. Ƙararrawar hayaƙi ta rufin ɗakin ta kama ihu, maƙwabcina ya fito ba takalmi yana tambayar ina wutar take. Na miƙa masa yanka ɗaya, ya ce shi ba ya cin kayan ciki.

To, labarinka ya iso. Auta ya turo min murya har uku, dariya ta hana shi magana. Wai da ka ji kuɗin mota ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ka rantse ba za ka biya ba, ka ɗaure ragon a bayan babur. Ban ga laifinka ba, tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu lita ta haura naira 500, komai ya bi ta. Amma rago mai ƙaho haka, da igiyar shanya? An ce daidai kududdufin bayan makaranta ya yi tsalle, kai da babur kuka yi wankan taɓo, shi kuma ya faɗa gonar Kawu ya yi buɗa-baki da geron da bai fi sati biyu da tsirowa ba. Yaya gwiwar? A je asibiti a duba, kar a tsaya ga man zafi. Kawu kuwa a kai masa cinya guda, zai huce.

Ni ma ban tsira ba. Sati biyu da suka wuce zafi ya kai maki 30, Turawa suka rikice kamar ana tashin duniya, ni ina tuna rana tsaka a gonar Baffa cikin watan Afrilu. Muka ce mu ma bari mu taɓa yawon bazara, ni da abokina ɗan Haɗeja da wani Bazazzagi, muka hau jirgin ƙasa zuwa Bilakful, wani gari a bakin teku, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Akwai hasumiyar ƙarfe tun ta 1894, tsayinta mita 158, suka hau, ni na ce zan tsare musu jaka. Na tsoma ƙafa a ruwan, sanyinsa ya fi na randar Inna da asubar hunturu. Na sayi kifi da soyayyen dankali a takarda, ko lomar farko ban kai ba wani farin tsuntsun teku, ya kai zakara girma, ya sauko ta bayana ya sure kifin ɗungurungum. Ka tuna shekarar da shirwa ta ɗauke min tsoka ranar suya, na yi ta kuka kana dariya? Har nan ta aiko ɗan'uwanta.

Abin da za ka gaya wa Baffa shi ne jakuna. A bakin tekun akwai jakuna, kowanne da sunansa a rubuce a linzami, yara kawai suke ɗauka, a biya kuɗi, a yi taku kaɗan a dawo. Suna da hutun cin abinci, likitan dabbobi yana duba su, ranar Juma'a kuma ba sa aiki. Na tsaya na shafa wuyan ɗaya, warinsa sak na jakinmu, sai na ji idona ya cika. Kar dai labarin ya kai kunnen namu, ya ƙi ɗaukar taki.

Ka gaishe min da Baffa da kyau, ya sa ni a addu'a. Inna kuwa ka ce mata ina cin abinci, ban rame ba, hoton ne kawai, kuma ta daina ɗaukar tulu da kanta alhali ga yara cike da gida. Ta riƙa shan maganin hawan jinin ko ta ji sauƙi. Ta yafe min rashin kiran safe, layin ne ya ƙi shiga, sau bakwai ina gwadawa. Gaisuwa ga Kawu da jaje, ga Goggo, ga liman, ga mai gari. A gaida matarka da yara, da 'yan majalisar gindin darbejiya, ban da wanda ya ci bashina. Iya tsohuwa a ce mijinta na Ingila yana nan, bai yi mata kishiya ba, goron sallarta yana cikin abin da na turo. Mutanen ɗakina ma a gaishe su. Mai sunan Baffa an ce ya fara tafiya, a ɗauko min shi a bidiyo yana takawa da kayan sallarsa, ko da faɗuwar ne.

Kar Inna ta wahalar da kanta da dambun nama, ba a barin nama ya shigo ƙasar nan, a filin jirgi za su karɓe. Yajin dai nake so, wanda ta daka da hannunta. Ɗan Haɗejan nan zai zo gida a watan Agusta, zan ba shi lambarka.

Ga rana ta faɗi, bari in yi alwala.

Ƙaninka.