Wiwi ta shigo wa yaran Tawa, kuma maganin yana cikin unguwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da iyaye ƴan'uwana na Tawa, na gida da na ci-rani, kan tabar wiwi da ta shiga tsakanin yaranmu. Ba samari masu gemu nake nufi ba. Yara nake nufi ƴan shekara 13 zuwa 16, waɗanda ko birebe ba su yi ba. Na koyar a lakwal har na yi ritaya, yanzu ina cikin ƙungiyar uwaye mata ta makarantar unguwarmu. Abin da zan faɗa gani na yi, ba labari aka ba ni ba.

Duk inda aka ta da zancen, sai ka ji an ce, "Ina hukuma take?" Hukuma tana nata. Tun 1999 Nijar ke da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kuma a watan Maris na 2021 hukumar OCRTIS mai yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi ta kama tan 17 na wiwi a wani sito a Yamai, kayan da suka taso daga Labanan, suka biyo ta Lome, za a wuce da su Libiya. Allah ya saka musu da alheri. Sai dai tabar da ke isa hannun ɗanka ba a tirela take zuwa ba. Ɗan ƙulli ne a takarda, wanda kuɗin karin kumallo ya isa ya saya. Mai sayarwa kuma ɗan unguwa ne, mun san uwarsa, wasunmu har sun ci tuwon sunansa. Ɗan sanda ba zai kwana a kowane kango ba.

Mai koyarwa yakan riga uwa ganewa. Yaro mai kaifin kai, mai rige-rigen ɗaga hannu, sai ya koma bencin baya. Ya dawo daga hutun ƙarfe goma ido jajur, yana dariya ba dalili, ya bulbula turare har ya yi yawa, yana tsotsar alewa don ɓoye wari. Ka ba shi darasi yau, gobe ka tambaye shi ya tsaya yana kallonka. Likitoci sun ce ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma sinadarin da ke cikin wiwi yana taɓa wurin riƙe karatu da natsuwa. Cikin waɗanda suka fara tun suna yara, kusan ɗaya cikin shida kan kamu har ya kasa bari. Wasu ma takan kai su ga taɓin hankali, sai a ce iska ce, a yi ta yawon gidajen masu magani. Kuma da wuya ta zo ita kaɗai, tana tafe da tiramol da sholisho.

Akwai abin da ya sa lamarin ya fi yi mana nauyi a Adar, kuma ba ma son faɗa. Mazanmu na ci-rani. Da an gama girbi sai Abijan, sai Libiya, sai Legas, wani shekara biyu bai leƙo ba. Ban ga laifinsu ba, da guminsu muka gina gidajen nan. Amma yaron da ya fara zama namiji yana nan da uwa ita kaɗai, ga ƙanne, ga girki, ga ɗibar ruwa. Idan ta tsinci ƙulli a aljihun wandonsa lokacin wanki, hankalinta ya tashi, sai ta yi gum. Tana tsoron kishiya ta ji, tana tsoron dangin miji su ce ta lalata musu ɗa, tana tsoron a aiko mata da takarda. In ka tuntuɓe ta sai ta ce, "Ɗana ba ya sha, abokai ne." Kowace uwa haka take cewa, har ka rasa ɗan wa ne abokin. Ranar da asiri ya tonu kuma, sai duka, sai ɗauri, sai kora. Yaron da aka kora daga gida, wurin mai sayarwa yake kwana.

Wasu sun ce a tarwatsa fada, wato majalisar shayi ta samarin unguwa. Ni ban yarda ba. Fadar da ke ƙofar gidana ita ke gadin titinmu da dare, ita ke haƙa kabari, ita ke kai mai naƙuda likita a kan babur. Amma na zauna na lura da yadda ƙaramin yaro ke shiga. Shi ake aika sayen gawayi da sukari. Shi ke fifita wuta, shi ke wanke kofuna. Ladansa shayi na uku. Daga nan a aike shi sayen sigari, a ce ya kunno ta a hanya. Wata rana a miƙa masa guntun abin da ya fi sigari, a ce, "Ja, ka zama namiji." Ba wanda ya yi niyyar hallaka shi, amma an hallaka shi.

A unguwarmu mun je wurin mai unguwa, ya kira liman da shugabannin fada, aka zauna ba zagi ba barazana. Abin da aka tsayar kaɗan ne: ba a aiken yaro sayen sigari, yaron da bai kai 18 ba ba ya zaman fada bayan isha'i, kuma duk babban da ya ga ɗan wani a kango ya raka shi gida, uwa kuma ba za ta ce mene ne ruwanka ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuya, sai da muka bi gida-gida. Samarin fada kuwa, da aka ba su girma, su suka fi kowa tsayawa. Ban ce an gama ba, mai sayarwa ya matsa titin gaba ne kawai. Shi ya sa nake rubuto wannan, don titin gaba ma su zauna.

Kada a ce wannan dabarar tsofaffi ce. A ƙasar Aisilan, a 1998, kashi 17 cikin 100 na ƴan shekara 15 da 16 sun taɓa shan wiwi. Zuwa 2016 sun koma kashi 7. Sun hana ƙananan yara yawon dare, iyaye suka riƙa zagaya unguwa, gwamnati ta buɗe wa yara wuraren wasanni bayan an tashi makaranta. Su masu kuɗi ne, na sani. Amma zagayen iyaye ba ya cin ko dala.

Abin yi ma muna da shi. A nan Tawa aka fara gasar takobin kokowa ta ƙasa a 1975, kuma har gobe in aka buga ganga yara ke fara cika fili. Tsofaffin ƴan kokowa su riƙe yara da marece. Magajin gari ya sa mana fitila a filayen ƙwallo na unguwa. Masu walda, kafintoci, teloli da masu gyaran babur kowa ya ɗauki yaro ɗaya a lokacin hutu, musamman ɗan da ubansa ba ya gari. Mu da muka ga ƙungiyar matasa ta samariya zamanin shugaba Seyni Kountché mun san sarkin samari yana iya sanin inda kowane yaro yake. Wanda ya riga ya kamu kuma, a kai shi likita tun da wuri. Gidan kaso ba ya yi wa ɗan shekara 14 komai sai haɗa shi da manyan malamansa.

Ku kuma iyaye maza da ke karanta wannan a waya daga nesa, don Allah in kun kira gida kada ku tsaya ga "kuɗi sun iso?" Ku ce a ba ku yaron, ku tambaye shi sunayen abokansa da inda yake zama da dare. Kafin ku koma, ku damƙa shi hannun baffansa ko kawunsa a gaban uwarsa. In kuma ta gaya muku abin da ta tsinta a aljihu, kada ku huce a kanta, ku tambaye ta wa za a kira a unguwa.

Na gode. Wassalam.

Wata malamar lakwal mai ritaya,
Tawa