Rahoton Ayyukan Shekara: Injin Iska Mai Tsayayyar Sanda

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

A babban taronmu na bara kun ɗora wa kwamitin fasaha nauyin gano ko injin iska mai tsayayyar sanda, wato wanda fuka-fukansa ke juyawa kewaye da sandar da ke tsaye, zai iya ba gida wuta a tsakiyar gari. Ga inda aikin ya kai.

Mun fara da samfurin da injiniyan ƙasar Finlan, Sigurd Savonius, ya ƙirƙiro a 1922. Durom muka tsaga gida biyu, muka goce ɓarin biyu suka yi kamar harafin S a jikin sanda. Iska kaɗan ke tayar da shi, kuma ko daga ina ta taso zai juya, ba ya buƙatar wutsiyar da za ta fuskantar da shi. Daga baya muka gwada na Bafaranshe Georges Darrieus, wanda ya sami takardar mallakar wannan fasaha a Amurka a 1931. Fuka-fukansa sirara ne, ya fi gudu, ya fi ba da wuta, sai dai da wuya ya tashi da kansa. Sai da muka ɗaura masa ƙaramin Savonius a tsakiya kafin ya riƙa tashi.

Abin da ya fi ɗaukar mana lokaci shi ne lissafi, kuma muna roƙo a karanta wannan sashe da natsuwa. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta ninkawa yake yi sau takwas. In ya ragu da rabi, kashi ɗaya cikin takwas ne ya saura. Iskar da ke gudun mita 5 a daƙiƙa tana ɗauke da wat kusan 77 a kowace murabba'in mita. Tun fiye da shekara ɗari Albert Betz ya nuna injin iska ba ya kwasar fiye da kashi 59.3 cikin ɗari, Savonius kuwa yawanci bai wuce kashi 20 ba. Wat 15 ke nan a kowace murabba'in mita, wutar ƙananan ƙwayayen lantarki biyu ko uku. Adadin da masu sayarwa ke rubutawa a kwali galibi na iskar mita 11 ko 12 ne a daƙiƙa, wadda ba kasafai ake samunta tsakanin gine-gine ba. Wannan ya dame mu ƙwarai, domin mun ga masu ƙaramin ƙarfi suna saye bisa wannan adadi.

Ɗora injin a kan rufi bai yi mana daɗi ba. Gine-gine suna karya iska ta riƙa hautsinawa, girgiza tana shiga bango, boris ɗin ƙasa kuma ya ci da wuri. Da muka mayar da shi kan doguwar sanda, nesa da bango da bishiyoyi, cajin batir ya ƙaru a fili.

Tarurrukan horo kan haɗa batir da inbata sun gudana yadda aka tsara.

A shekara mai zuwa kwamiti na neman amincewarku a sayi na'urar auna gudun iska, a riƙa ba mambobi aro. Duk mai son kafa injin ya auna wurinsa na watanni tukuna. In iskar ba ta kai ba, farantan sola za mu ba shi shawara ya sa. Za a kaɗa ƙuri'a kan wannan a zama na gaba.

Sakataren Ƙungiya