Sanarwa ga ƴan rukuni: idan fargaba ta taso

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambayoyi sun yi yawa kan faɗuwar gaba da bugun zuciya ba gaira ba dalili, shi ya sa muka haɗa wannan.

In abin ya taso, a zauna a ɗora hannu a kan ciki. A shaƙi iska ta hanci ana ƙirga 4, a sake ta a hankali ta baki ana ƙirga 6, har tsawon minti 5. Ciki ne zai riƙa ɗagawa, ba ƙirji ba. Inda ake yawan kuskure shi ne jan numfashi da ƙarfi da sauri. Hakan yana rage iskar kabon (wadda muke fitarwa in mun saki numfashi) a jini, sai jiri ya zo, yatsu da leɓe su yi kamar ana tsikararsu da allura, mutum ya ƙara firgita.

Goro, shayi mai kauri, kofi da lemon ƙara kuzari duk suna hura wutar abin. Bayan kusan awa 5, rabin sinadarinsu mai hana barci (caffeine) yana nan a jini, don haka daga azahar a dakata. Wanda ya saba ya rage sannu a hankali, domin yankewa lokaci guda na kawo ciwon kai.

Mai tunanin dare ya ware minti 15 bayan la'asar ya rubuta damuwarsa, kowace da matakin da zai ɗauka gobe.

Don Allah kada a sayi diazepam (ƙwayar kwantar da hankali da sa barci) a kemis ba tare da likita ba, yana zama jaraba. In akwai ciwon ƙirji, rama, ko tunanin cutar da kai, a je asibiti a ranar.