Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan sirrin da abokinsa ya ba shi

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Tun daren da muka yi waya ban yi barcin kirki ba. Na ji muryarka tana rawa, ni kuwa "Allah ya kyauta" kawai na ce maka na ajiye waya. Ban kyauta ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka ce abokin karatunka, wanda kuka shekara uku kuna kwana ɗaki ɗaya, ya gaya maka cewa shi zuciyarsa maza take so. Ka ce ka rasa abin yi: ko ka ƙaurace masa, ko ka sanar da sauran abokai don kada gobe a ce da saninka. Wannan na biyun shi ya hana ni runtsawa.

Kada ka gaya wa kowa. Ko ni ma da ka gaya wa, ya tsaya a kaina. Abin da muka rene ka a kai, da abin da addininmu ya ce game da wannan al'amari, ka san shi, ba kuma na zo in sauya maka shi ba ne. Amma addinin nan dai shi ne ya hana bin diddigin mutane da tona musu asiri, shi ne ya hana cin amana. Na ga mutane da yawa sun riƙe hukuncin farko gam, sun yi watsi da sauran kamar ba a faɗa ba.

Bari in ba ka labarin da ban taɓa ba ka ba. Lokacin da nake aikin jinya, wani dare aka kawo mana saurayi, fuska a kumbure, haƙarƙari a karye. Aka ce haɗari ya yi. Kafin gari ya waye kowa ya san gaskiya: wani da ya amince da shi ne ya nuna wa mutane saƙonnin wayarsa, suka tare shi. Ya yi kwanaki a gado, ba wanda ya zo dubiya, ko ɗan uwa ɗaya. Abokan aikina suka riƙa tura wa juna wanke masa rauni. Ni ma, Allah ya yafe mini, sai da na yi ɗan jinkiri a bakin ƙofa kafin na shiga. Da na gama ɗaure masa bandeji ya yi mini godiya har sau uku. Wannan godiyar har yau tana ci mini rai, don aikina kawai na yi.

Ka san maganar da ta fita daga baki ba ta komawa, balle ta waya. Har yanzu ƙasashe sama da 60 suna hukunta tarayyar jinsi ɗaya. A Najeriya dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, ta Uganda ta 2023 kuwa har da hukuncin kisa a wasu yanayi. Wasu ƙasashen sun bi wata hanya: Afirka ta Kudu ta hana wariya a kan haka a tsarin mulkinta na 1996, kotun ƙolin Indiya ta soke hukuncin a 2018, kotun Botswana ta yi haka a 2019. Abin da ya ba ni mamaki da na karanta, dokar Indiya ɗin, sashe na 377, Turawan Ingila ne suka rubuta ta a zamanin mulkin mallaka. Ka ga masu cewa komai a wannan magana daga Turai aka kawo shi, wani lokaci dokar da suke karewa ma daga can ta fito. Ko inda doka ta ba masu son jinsinsu kariya ba su tsira ba: a 2016 mutum ɗaya ya harbe mutum 49 a wani gidan rawa da suke taruwa a Orlando ta Amurka.

Wani zai ce maka a kai shi a yi masa magani. A matsayina na tsohuwar ma'aikaciyar lafiya nake gaya maka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan daga jerin cututtuka tun ranar 17 ga Mayu, 1990. Abin da na gani yana kwantar da su shi ne tsoro. Mai tsoron a gane shi ba ya zuwa gwajin HIV, ba ya gaya wa likita gaskiya, sai ciwo ya ci ƙarfinsa.

Kai da kake karatun kwamfuta ka fi ni sanin Alan Turing, wanda ya taimaka wa Ingila warware saƙonnin sirri na Jamus a yaƙin duniya na biyu. A 1952 ƙasar da ya yi wa wannan hidima ta gurfanar da shi saboda tarayya da namiji, aka sa shi shan magungunan da ke sauya sinadaran jiki maimakon zaman kurkuku. Ya mutu a 1954 yana da shekara 41. Sai a 2013 Sarauniya Elizabeth ta yi masa afuwa, yanzu ma hotonsa ne a takardar fam 50. Me afuwar ta tsinana masa a kabari?

Ban ce sai ka yarda da komai ba, ban kuma ce ka hau intanet kana musu da kowa ba. Daidaiton da na fahimta ba shi da wuyar ganewa: kada a kore shi daga ɗaki ko aiki, likita ya duba shi kamar kowa, kada a dake shi a titi. Ka kuma kula da harshenka. Kalmomin da muka saba ji, luwaɗi da maɗigo, yawanci da zagi ake jefa su. Shi yana da sunan yanka, da shi ka san shi shekara uku, da shi za ka ci gaba da kiransa. In abokai suka fara irin barkwancin nan a gabansa, ba sai ka yi wa'azi ba, ƙin yin dariya ma ya isa.

Abu ɗaya nake so ka sa wa ido. In ka ga ya daina cin abinci, ya rufe kansa a ɗaki, ko ya fara maganar cewa rayuwa ta ishe shi, kada ka ɗauke ta wasa. Ka zauna da shi, ka raka shi wajen likita ko mai ba da shawara wanda ya san riƙon sirri, ka kira ni ko da tsakar dare ne.

Ka ce tun ranar ba ku yi magana ba, yau kwana biyar ke nan. Na tabbata yana can yana ƙirga su, yana jiran ya ji ko labari ya bazu. Kafin ka kwanta yau ka gaya masa cewa bai bazu ba, ba kuma zai bazu daga bakinka ba.

Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka