Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Kududdufin Unguwarmu Da Mazarin Cikinsa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka mazauna bakin kududdufi a cikin birni, har da malaman kimiyya da masunta, muna kawo kuka. Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya, ya ja zamanin Sarki.

Daren Talatar da ta wuce tifa huɗu suka juye ɓaraguzan gini a gefen gabas na kududdufin, wani kuma ya bi ya tuttula baƙin mai, wai maganin sauro. Gari na wayewa ruwan ya yi ƙyalli, 'ya'yan mazari matattu jere a gaɓa. Mun sha kai magana wurin mai unguwa, mun rubuta, an ce za a duba. Shiru kake ji.

Ranka ya daɗe, mazari ba abin wasan yara ba ne kawai. A ruwa yake saka ƙwai, ko jikin ciyawar ruwa. Ɗansa yana zaune a ƙasan ruwa watanni, yana saɓa sau goma ko fiye, yana cin tsutsar sauro. Ranar fitarsa sai ya hau karan ciyawa da dare ko da asuba, bayansa ya tsage, ya jira fukafukansa su bushe. Idan babu karan da zai hau, fitar na iya gagararsa. Baƙin mai yana toshe wa ruwa iska. Shi kuwa sauro, kwana goma ya ishe shi ya sake cika kwata da tsohuwar taya, ba mai cinsa. Binciken IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, na 2021 ya nuna kashi 16 cikin 100 na nau'o'in mazari 6,016 suna bakin ƙarewa, saboda irin wannan cike fadama da ɓata ruwa. Ga shi nan a ƙofar gidanmu.

Muna roƙo a hana juye ƙasa, a sa wanda ya kawo ɓaraguzan ya kwashe abinsa. A hana zuba mai da maganin feshi. A bar ciyawar gaɓa faɗin mita 2 zuwa 3 ba a sare ba. Kainuwa idan ta rufe ruwa a cire ta da rani, kashi biyu cikin uku kawai, a bar ta a bakin ruwa kwana ɗaya don 'ya'yan mazari su koma. Bado kuwa kada a taɓa shi. Masu wankin mota su juya kwatarsu.

Kuma don Allah a dakatar da tifofin nan. Kakanninmu suka haƙa ramin nan da suka ɗebi ƙasar gini, shi ke shanye ruwan damina. Idan aka cike shi, cikin ɗakunanmu ruwan Agusta zai kwana. Muna roƙon a turo wakili ya gani da idonsa kafin tifofin su dawo.

Allah ya taimaki Hakimi.

Talakawanka, mazauna bakin kududdufi, birnin Kano.