Wai inda babu sarki babu doka? Gyara ga baƙon shirinku

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ni mai sauraron shirinku na tarihi ne, amma gaskiya na makon jiya ya tsaya min a rai, don baƙon da kuka kawo cewa yayi wai duk al'ummar da bata da sarki kafin a kafa ƙasa zaman kara zube kawai takeyi, kuma mai gabatarwa yana ji bai ce masa uffan ba. Haba dai.

Ga Nuer na Sudan ta Kudu, wanda Evans-Pritchard, wani Baturen Ingila masanin al'adun al'umma, ya zauna cikinsu a shekarun 1930. A lokacin ba sarki ba ɗan doka ba gidan yari. Amma in mutum yayi kisa sai ya ruga gidan wani dattijo mai yafa fatar damisa, ba mai taɓa shi a can, shi kuma dattijon yayi ta zarya tsakanin dangi biyun har sai an daidaita kan diyya, shanu 40 zuwa 50, kuma dangin mamaci dole su fara ƙi tukuna don kar a ce sun sayar da jinin ɗan'uwansu, shi kuwa dattijon bashi da ko ɗan sanda ɗaya da zai tilasta musu, makaminsa lallashi ne da barazanar tsinuwa. To wannan in ba doka ba mene ne? Ban ce zamansu aljanna bane fa, in sulhu ya ƙi ci jini na zuba sosai.

Wanda ya fi bani dariya mafarautan Ju/'hoansi na hamadar Kalahari. Saurayi ya harbo ƙatuwar dabba, maimakon a yaba masa sai a taru ana kushe naman, wai wannan ƙashin ka kira mu mu ɗauko? Da gangan suke yi don kar kansa ya kumbura ya fara jin ya fi kowa. Kai har rabon naman ma ba lallai shi zai yi ba, mai kibiyar da aka yi harbin da ita shi ke rabawa. A tsaunukan New Guinea kuma girma da kyauta ake samunsa, ka tara aladu ka rabar a bainar jama'a, ranar da hannunka ya bushe mutane su watse, ɗanka ma ba lallai ya gaje ka ba.

Irin tunanin baƙon naku shi Turawan Ingila suka shiga dashi ƙasar Igbo. Sun tarar yawancin garuruwa taron dattawa da ƙungiyoyin tsararraki ke yanke magana, suka ga ba wanda zasu riƙe ya karɓo musu haraji, sai suka dinga zaɓo mutum su miƙa masa takardar waranti wai ya zama hakimi. A 1929 da aka ji raɗe-raɗin za a sa wa mata haraji, dubbansu suka fito a yankin Aba suka yi wa kotuna da gidajen hakiman nan tsinke, sojoji suka buɗe wuta aka kashe mata sama da 50.

Don Allah in zaku dawo da maudu'in ku haɗa shi da wani masanin da zai ja dashi, kuma a buɗe layin waya da wuri, ranar na yi ta kira bai shiga ba har aka rufe shirin.

Naku,
Mai sauraro