Kada a raba mu da wake saboda lektin

Malam Edita, assalamu alaikum.

Makon jiya maƙwabciyata mai sayar da awara a Tudun Wada ta shigo gidana riƙe da waya, hankalinta a tashe. An turo mata bidiyo a WhatsApp cewa waken suya yana da wani guba mai suna lektin da ke lalata garkuwar jiki. Na shekara ashirin ina koyar da ilimin halittu, don haka abin ya dame ni ƙwarai.

Lektin furotin ne da ke manne wa sukarin da ke jikin ƙwayoyin halitta. Gaskiya ne yana taɓa garkuwar jiki. A 1960 Peter Nowell, wani likita a Amurka, ya gano cewa lektin ɗin jan wake mai siffar ƙoda (kidney beans) yana sa fararen ƙwayoyin jini su riƙa rarrabuwa suna ƙaruwa, kuma har yau ana amfani da shi a ɗakunan gwaji. Risin, gubar ƙwayar zurma, shi ma daga dangin lektin yake, kuma yana kisa. Ɗanyen jan wake kuwa, ƙwaya biyar kacal na iya jawo amai da zawo cikin awa uku.

Amma zafi yana karya lektin ɗin wake. A jiƙa shi, a zubar da ruwan, a tafasa shi sosai aƙalla minti goma, ba a kan wuta mai lumshi-lumshi ba. Na leƙa tukunyar maƙwabciyar tawa da kaina: madarar waken tana ɓararraka kafin ta zuba ruwan tsami. Na ce mata, "Hajiya, ci gaba da sana'arki, ki dai bar ta ta tafasa."

Malamar makaranta mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya